Naƙudar da Ba a Ji Ba

Ni a gidanmu da baki aka san ni. Tun ina yarinya mahaifiyarmu take cewa da surutu ana kai shi kasuwar Rano, da tuni na gina mata gidan bene. Na girma, na yi aure, na hayayyafa, na kafa keken ɗinkina a tsakar gida, amma bakin nan yana nan yadda yake. Shi ya sa da ƙanena ya auro wata yarinya daga rugar da ke bayan Kibiya, dangi suka yi ta dariya, wai Allah ya haɗa rediyo da randa a dangi ɗaya.

A kasuwar Kibiya ya gan ta. Shi hatsi yake saye, ita kuma nono take kawowa. Iyayenta sun daɗe da zama a wurin, suna kiwo suna noma, Hausa a bakinsu kamar tamu. Doguwa ce, siririya, ba ta haɗa ido da kowa. Adda take ce mini, wato yaya da yarensu. Ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, ko da gyaɗa ce. Akwai ranar da ruwan zafi ya zube mata a ƙafa, ba wanda ya sani a gidan sai da na ga tana ɗingishi na matsa mata ta ɗaga zani. Na yi ta faɗa, ita kuwa murmushi kawai take yi tana ba ni haƙuri, sai ka ce ni ta ƙona. Wannan shi suke kira fulako: kunya da kawaici da danne ciwo. A lokacin abin burge ni yake yi, har nakan ce wa 'ya'yana mata su yi koyi da ita.

Da ta samu ciki ta ɓoye shi har sai da zani ya gaza rufa mata asiri. Da ƙyar na riƙa jan ta zuwa awo. Da cikin ya tsufa aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa duk mai haihuwar fari.

Damina ce, dawa ta yi tsawo har ta rufe hanyoyin ƙauye. Da safe, na gama sallamar yara makaranta ke nan, ƙanena ya kira ni a waya.

"Yaya, wai an ce ki je rugar."

"Lafiya?"

"Wai ba ta jin daɗi."

"Ba ta jin daɗi kamar yaya? Haihuwar ce?"

Ya sake cewa wai dai in je. Shi ma kunya ba za ta bar shi ya ambaci haihuwar ɗansa na fari ba. Na ce masa ya nemo mota ya biyo ni, na zari mayafi na tare ɗan acaɓa.

Na tarar da mahaifiyarta a waje tana wanke ƙore. Inna muke ce mata. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta gaishe ni, ta tambayi maigidana, ta tambayi yara, ta tambayi damina, ta tambayi ko ruwan shekaranjiya ya sauka a wajenmu. Yarinyar ita ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kiran sunanta, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. Sai da na katse gaisuwar na ce ina take, sannan ta nuna mini bukkar da haɓa.

A ciki akwai wata tsohuwa, ungozomar rugar. Ta ja ni gefe ta ce tun jiya abin ya fara, kuma ba wanda ya sani, don yarinyar har daka ta yi da rana. An ba ta rubutu, an ba ta jiƙo, shiru. Yarinyar tana durƙushe ta dafa gado, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Da ta gan ni sai ta yunƙura wai za ta gaishe ni. Na daka mata tsawa na ce ta zauna.

Da motar ta iso, muka tallafo ta muka fito. Inna ba ta ɗago kai daga kan ƙorenta ba. Sai da muka zo daidai ita ta yi magana da Fillanci, a hankali, idonta a ƙasa. Ina jin Fillanci sama-sama, irin na ciniki, kuma na gane abin da ta ce. Cewa ta yi ta riƙe kanta, kada a ji bakinta a cikin mutane. Yarinyar ta ce to.

Mun fara tsayawa a ɗan asibitin da take zuwa awo. Malamar da ke wurin ta kwantar da ita, ta danna cikin nan ta wannan gefe, ta danna ta wancan, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce ɗan a gicciye yake, ba zai fito da kansa ba, sai an yi aiki, kuma su ba su da mai yin aiki a nan. Ta ce mu wuce birni kai tsaye, kada mu tsaya ko shan ruwa, kuma da mun isa in faɗa musu abin da ta faɗa mini.

Motar ta wani maƙwabcin ƙanena ce, irin wadda ke jigilar Kibiya zuwa Kano. Ƙanena yana gaba, ni da ita a baya, kanta a kan cinyata. Ruwa ya cika ramukan hanya, direba ba ya gane mai zurfi da marar zurfi sai ya faɗa. Duk ramin da muka faɗa ni nake cewa wash. Muna wuce Bunkure muka faɗa wani da har kaina ya bugi rufin mota, sai na ji ƙaramar murya daga cinyata tana cewa, "Sannu, Adda." Ita ce take yi mini sannu. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na ci gaba da yi mata fifita da gefen mayafina.

Da hantsi muka shiga asibitin, wani babba a cikin birni. Aka tura ƙanena yankan kati, daga nan kuma maigadi ya ce maza ba sa wuce ƙofar ɓangaren haihuwa. Muka shiga mu biyu, tana tafiya da ƙafarta, tana dafa bango.

Ban taɓa ganin masu ciki da yawa haka a wuri ɗaya ba. Benci ya cika, wasu a ƙasa a kan zannuwansu, wasu suna kai-komo sun dafa ƙugu. Wari na jini da maganin wanke ƙasa ya haɗu da zafi, fanka tana sama ba ta juyawa. Ga ihu. Wata tana kiran uwarta, wata tana zagin mijinta da danginsa kaf, wata salati take yi da iyakar ƙarfinta. Nas biyu ne kawai a kan duk wannan taron. Ƙaramar tana ta gudu tsakanin ɗakuna, babbar tana zaune a bayan tebur a bakin ƙofar ɗakin haihuwa, ita ke cewa wance ta shiga, wance ta jira.

Wata baiwar Allah ta matsa mana a ƙarshen benci na zaunar da yarinyar, na nufi teburin. Na yi sallama, na rusuna, na ce daga Rano muke, an duba ta an ce ɗan a gicciye yake, aiki za a yi mata.

"Wa ya ce?"

"Malamar asibitinmu."

"To ai sai ta yi mata aikin. Ko ke ce likitar?"

Na haɗiye abin da ya taso mini. Na ce don Allah ta zo ta duba ta da kanta. Ba ta tashi ba. Ta leƙo ta gefen kafaɗata ta ce wacce ce, na nuna mata. Yarinyar tana zaune a miƙe, ta rufe kanta da mayafi, hannuwanta a kan gwiwa kamar wadda ta zo gaisuwar surukai.

"Ke mai jan mayafi! Ya jikin?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi."

"To kin ji. Mai naƙudar gaske ba a tambayarta, jin ta ake yi. Wannan da sauranta. Ta tashi ta riƙa zagayawa, in ya taho za mu sani."

Na koma na zauna, zuciyata tana tafasa. Kowa ya san da sauƙi ita ce amsar da Bahaushe yake bayarwa ko da ana yi masa kalmar shahada. Nas ɗin nan Bahaushiya ce, ita ma ta sani. So take kawai a ba ta dalilin da za ta ci gaba da zama, an kuwa ba ta.

Zaman da na yi a bencin nan ya nuna mini yadda wurin yake aiki. Ba layi ake bi ba, ba kuma wadda ta riga zuwa ake fara gani ba. Kunne suke aiki da shi. Duk wadda ihunta ya fi na kowa, ko ta faɗi tana birgima, ita ake ɗauka a shiga da ita. In ba haka ba, sai wadda aka bugo waya saboda ita. Na ga wata da ta zo bayanmu da nisa, tana tafe tana taunar cingam, mijinta ya miƙa wa nas waya ta taga, kafin ka ce kwabo an shige da ita.

Matar da ta matsa mana dattijuwa ce, 'yarta ta kawo, kuma da gani ta saba da wurin. Ta kalli yarinyar, ta kalli yatsun ƙafarta yadda suka ƙanƙame cikin silifa, ta matso kusa da kunnena.

"Baiwar Allah, ki ce mata ta yi kuka. A nan duk wanda ya yi shiru, cewa ake ya ƙoshi."

Na durƙusa a gaban yarinyar na ɗaga mayafin. Ta cusa gefensa a baki ta cije, leɓenta na ƙasa ya fashe, idanunta sun yi jajir. Duk lokacin da ciwon ya taso sai jikinta ya sandare, ta riƙe numfashi, jijiyoyin wuyanta su miƙe, sannan ta saki a hankali ta hanci don kada a ji.

"Amarya, ki yi ihu," na ce mata. "Ki buɗe baki ki yi ihu su zo su duba ki."

Ta girgiza kai.

"Ni na sa ki. Ni ce babba, na ce ki yi."

Ta zare mayafin daga baki ta ce, "Adda, mutane."

"Waɗanne mutane? Wa ya san ki a nan? Kalli waccan, tun ɗazu take tsine wa uwar mijinta, wa ya kama ta?"

"Inna za ta ji."

"Inna tana Kibiya!"

"Za ta ji."

Na roƙe ta, na lallashe ta, na yi mata barazanar zan tafi in bar ta. Har mintsininta na yi a cinya, mintsini mai kyau, ko za ta yi ƙara ba shiri. Ta dube ni kawai, hawaye ya zubo, ta mayar da mayafin baki. Tsoro ya kama ni a lokacin, tsoro na gaske, don na gane yarinyar nan ta gwammace ta mutu a bencin nan da a ji muryarta.

Na koma teburin. Wannan karon ban kai ga buɗe baki ba nas ɗin ta ɗaga mini hannu.

"Hajiya, in kika sake zuwa kaina, maigadi zan kira ya fitar da ke. Ke kaɗai ce mai mara lafiya?"

Duk wanda ya taɓa jinya ya san dokar da ba a rubuta ba: in ka yi faɗa da ma'aikaciya, mara lafiyarka ne zai biya. Kuma in aka fitar da ni, wa zai yi magana a madadinta? Don haka ni da ake tsoron bakina tun daga unguwarmu har kasuwar Rano, sai ga ni ina murza hannu ina cewa, "Sista, don Allah, don Annabi, hannu kawai za ki ɗora a cikin." Ta ce ta ji, in je in zauna, likita yana tiyata.

Ƙanena yana ta kira daga waje. "Yaya, ya ake ciki?" In ce masa ana ciki. Me zan ce masa?

Aka kira azahar. Ban tashi ba, don ina tsoron in matsa a zo a wuce ta. Wajen lokacin ne ma'aikatan safe suka fara haɗa jakunkunansu, na rana suka shigo. Na ce alhamdu lillahi, wataƙila a dace da mai tausayi. Suka tsaya a bakin tebur suna miƙa wa juna aiki, suna hira, suna dariyar wani anko da za a yi. Ina kallo babbar ta nuna ɓangarenmu da biro ta ce, "Waɗancan duk da sauransu." Ta rataya jaka ta fita, ta gabanmu ta wuce.

Sabuwar da ta zauna na je mata da ladabina, na maimaita komai tun daga farko. Ita ta fi ta farkon sakin fuska. Ta ce to, bari ta gama da waɗanda ke ciki. Ta ɗaga murya ta tambayi yarinyar ya jiki. Na juya da sauri ina yi mata alama da ido, da hannu, da duk abin da Allah ya hore mini. Yarinyar ta ce da sauƙi.

Ban san tsawon lokacin da muka ƙara ɗauka ba. Na dai san hadari ya haɗu, wurin ya yi duhu-duhu, an shiga da 'yar da dattijuwar nan ta kawo har ta haihu. Ina zaune ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, sai na ji an kama mini wuyan hannu. Hannun sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa.

"Adda."

"Na'am."

"Ya daina motsi."

Tun da na san yarinyar nan, wannan ne karo na farko da ta kawo mini ƙarar wani abu. Na dubi fuskarta, ta yi fari fat, leɓɓanta sun bushe. Sai na lura ƙafarta tana motsi a ƙarƙashin benci, tana gogawa a hankali. Na sunkuya. Jini ne yake bin ƙafarta yana taruwa a ƙasa, ita kuma tana sa silifa tana shafe shi, tana jawo gefen zani tana rufewa, kada mutane su gani.

Ban yi shawara da zuciyata ba. Na miƙe tsaye a tsakiyar wurin, na yar da mayafi, na fizge ɗankwalina, na ɗora hannu biyu a ka, na kurma ihun da ban taɓa yin irinsa ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu.

"Wayyo Allah na! Jama'a ku kawo ɗauki! Sun kashe ta! Sun kashe mini yarinya ina kallo!"

Na zube ƙasa, na yi birgima, na buga ƙafa, na sake kurma wani. Duk masu naƙudar nan suka yi tsit. Sai ga nas biyu a guje, ga mai shara, ga maigadi, ga wasu ma'aikata da ban san daga inda suka ɓullo ba. Kaina suka yo, sun zaci ni ce mara lafiyar. Na cafke rigar ta gaban, na ja ta da ƙarfi har ta durƙusa, na ɗage zanin yarinyar na nuna mata ƙasa.

"Innalillahi," ta ce. Ta ɗora hannu a cikin, hannun nan da nake roƙo tun hantsi. Ta ɗago a firgice ta ƙwala wa 'yar'uwarta kira ta ce a kira likita, a kawo gado.

Abin da har gobe yake ci mini rai shi ne saurin da komai ya bayyana. Gadon turawa da aka ce babu, sai ga shi. Likitan da aka ce yana tiyata, sai ga shi yana saka safar hannu yana tafe. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka aika a shigo da mijin a ɗebi jininsa, maigadin da ya hana shi shiga shi ne ya je ya jawo shi da gudu. Ashe duk suna nan. Bango ɗaya ne tsakaninmu da su tun safe.

Da za su tura ta, na bi gadon ina riƙe da hannunta. Idonta ya fara lumshewa. Ta motsa baki, na kai kunnena, na zaci wasiyya za ta ba ni.

"Adda, ɗankwalinki," ta ce.

Suka shige da ita, ƙofar ta rufe. Dattijuwar nan ce ta tsinto mini ɗankwalin da mayafin ta ɗaura mini da hannunta.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ni da ƙanena muka tsaya a barandar ɗakin tiyata, yana danne da auduga a gwiwar hannu inda aka ɗebi jini. Bayan la'asar likitan ya fito. Yaro ne matashi, da gani ya gaji, idonsa ya faɗa. Ya ce uwar ta tsira, da ƙyar. Ɗan namiji ne, amma bai zo da rai ba, kuma bai daɗe da rasuwa a cikin ba. Ƙanena ya jingina da bango ya zame ya zauna a ƙasa.

Da likitan ya tsaya a nan, da na yi masa godiya. Sai ya ƙara da cewa, "Matsalarku ke nan mutanen ƙauye. Sai kun zauna a gida abu ya lalace, sannan ku kwaso ku kawo mana. Da kun zo da wuri, da an ceci yaron nan."

Na buɗe baki, muryar ta dishe, da ƙyar take fita. Na ce, "Likita, tun hantsi muke kan bencin can."

Ya dubi inda na nuna. Ya dubi nas ɗin da ke bayansa, ita kuma ta dubi ƙasa. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya juya ya koma ciki. Iyakar abin da muka samu daga asibitin ke nan, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Aka miƙo mana jaririn a naɗe. Na buɗe fuskarsa na gani, dogon hanci irin na uwarsa, gashi kwance luf. Ƙanena ya karɓe shi ya rungume, ya shiga motar da ta kawo mu, suka kama hanyar Rano don a binne shi kafin rana ta faɗi. Ni na zauna jinya.

Da ta farfaɗo ba ta tambaya ba. Ta dubi gadon dama, mai jego da jaririnta. Ta dubi na hagu, haka. Ta dubi gefenta, sannan ta dube ni. Na ce mata sai haƙuri, Allah ya karɓi abinsa, Allah ya sa mai ceto ne. Ta ce amin. Ta juyar da kai wajen bango, hawaye yana gangarowa yana shiga kunnenta, ko shessheka babu.

Da aka sallame mu, rugar muka mayar da ita don a yi mata wankan jego. Labari ya riga mu isa, direba ya baza shi tun a tasha. Mata suka cika gidan, ana jaje ana barka da arziki. Ina zaune a cikinsu ina jin tsofaffi suna yaba ta. Wai yini guda tana naƙuda a tsakiyar birni ko tari ba a ji ta yi ba. Wai 'yar halak ce, ta fitar da su kunya, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Wata ta rage murya, ba ta san ina jin yaren ba, ta ce ai yayar mijin ce ta tuɓe ɗankwali tana birgima a gaban maza, su Hausawa ba su da ta ido.

Na miƙe. Na riga na shirya maganar da zan faɗa wa Inna, tun a gadon asibiti nake jera ta, kuma na yi niyyar in faɗe ta ko da zumunci zai ɓaci. Na duba cikin matan ba ta nan. Na zaga bayan bukkoki, wajen da ake ɗaure maruƙa, sai na hango ta. Tana tsugune ita kaɗai, ta cusa fuska a cikin zani, kafaɗunta suna girgiza. Ko sauti ɗaya ba ya fita. Na daɗe a tsaye ina kallonta, sannan na juya a hankali don kada ta san na gan ta. Da zan tafi ta aiko mini da man shanu a ƙwarya, ba ta fito ba.

Mutane sukan ce mini ƙaddara ce, kuma na yarda, ba wanda yake wuce kwanansa. Wasu kuma su ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, da yarinyar ta yi magana da ba a kai ga haka ba. Wannan ma na ji. Amma ni na faɗa musu, da Hausa, har teburinsu, ba sau ɗaya ba. Ba magani na roƙa ba, ba gado ba. Cewa na yi a taso a taɓa cikin. Har yau ina tunawa, kuma ban yafe ba tukuna, ko da yake ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa.

Ta warke, ta koma ɗakinta, ta ci gaba da harkokinta shiru-shiru kamar da. Ba mu taɓa tayar da zancen ranar ba. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. A ta bayanta, dawa ta fara fitar da kai, sai ga ta ta zo gidana da rana da riguna a leda, wai in buɗa mata su sun matse ta. Na ɗauko tef na zagaya ƙugunta, na dube ta, ta sunkuyar da kai. Na ce masha Allah, Allah ya raba lafiya.

Na zuba mata abinci na ajiye, na san ba za ta ci ba. Na hau keke na fara farke ɗinkin. Ta daɗe tana wasa da gefen tabarma, har na zaci ta manta ina wurin.

"Adda, in lokacin ya yi, ke za ki raka ni?"

"Da wa zai raka ki? Amma wannan karon da bakinki za ki yi musu bayani. Kin dai ga abin da shiru ya jawo mana."

Na ci gaba da taka keke. Can ta sake magana, sai da na tsayar da ƙafata sannan na ji ta.

"Na gwada, Adda."

"Kin gwada me?"

"Ihun. Da na je gida, na shiga cikin dawa, can nesa inda ba kowa. Na buɗe baki na gwada. Na sake komawa washegari." Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ya ƙi fita."

Na rasa abin da zan ce, ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba. Na sunkuya kamar ina neman zare a ƙarƙashin keke har idona ya washe. Sannan na tura mata kwanon gabanta na ce ta ci abinci, ta bar wannan a hannuna, tun daga bakin ƙofar asibitin zan fara.